Harsunan Mamzel

Mont Lubin, Rodrigues,
3 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga matata Octavie,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata takardar nan ta same ki da sauƙi. Yaya idon da aka yi wa aiki, ya daina zubar da ruwa? Yaushe likitocin tsibirin Moris suka ce za su taɓa ɗayan? Yaya Marlène da maigidanta da jikokina? Marlène, tunda ke ce mai karanta wa uwarki, ki karanta duka, kada ki tsallake inda na yi mita. Na san halinki.

Mu nan lafiya lau, sai rashin ruwa. Lemun tsamin bayan ɗaki duk ya yanƙwane. Baƙar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Masara da jan wake nake ci safe da yamma, tunda iyakar girkina ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekaranjiya Désiré ɗan aminina Fidou ya shigo mini rumfar aiki da buhun shinkafa a kafaɗa. Na ɗauka busasshen urit, naman tekun nan mai hannu takwas, ya kawo mini. Da ya zazzage a kan tebur sai ga Mamzel. A buhu, Octavie! Abar kiɗan nan, akodiyon ɗin da ubansa ba ya yarda ko inuwar wani ta faɗa mata. Kin fi kowa sanin wahalar da na sha a kanta. Wata bakwai na yi ina sassaƙa akwatinta daga katakon jirgin nan da ya fashe a duwatsun kudu. Harsunanta na ƙarfe masu ba da murya, ɗai-ɗai na tsinto su daga matattun akodiyon uku da matuƙan jirgi suka yar. Ke kuma kika ɗinke kusurwoyin zugazuginta da fatar ɗan akuya, kina ɗauke da cikin Marlène. Shekara arba'in ke nan, ba bikin aure ko rawar Asabar da ba ta yi magana a ciki ba.

Ya ce, "Paren, so nake ka cire mata harsuna."

Na ce, "Wanne ya karye?"

Ya ce, "Ba wanda ya karye. Duka za ka cire."

Na tambaye shi ko rana ce ta buga masa kai. Sai ya zauna ya yi mini bayani, idonsa a ƙasa. Wai tun da ɓarin jikin ubansa na dama ya shanye, likita ya ce ya riƙa motsa hannun hagu kada shi ma ya bi sahu, tsohon kuwa ba abin da yake yarda ya riƙe sai Mamzel. Amma da ya ja ta ta yi gurnani, yatsun dama ba su iya bin waƙar ba, sai ya kama hawaye har ya ƙi abinci. In an cire harsunan, zai ja iska kawai, hannu ya motsa, rai bai ɓaci ba.

Mutumin da na riƙe a hannuna ranar baftismarsa, har yake kirana Paren, zan ce masa ƙarya yake yi? Na narkar da kakin zumar da ke riƙe da harsunan, na ciro su ɗaya bayan ɗaya na zuba a gwangwanin madara. Ko awa biyu ban yi ba. Da na gama na ja ta, sai huci kawai, kamar tsoho mai ciwon ƙirji yana hawan tudu. Ranar ban iya cin waken ba.

Kin ce in leƙa Fidou. Zan je. Aiki ne ya yi mini yawa, akwai ganguna biyu da otal ɗin gabas suka ce in ɗaure musu, fatar ma ba ta gama bushewa ba.

Ki riƙa ɗiga maganin a kan lokaci. Allah ya ƙara sauƙi, ya dawo mini da ke.

Mijinki,
Anatole

Mont Lubin,
17 ga Yuni.

Octavie tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Saƙonki ya iso ta hannun matar Evariste maƙwabcinmu, na ji daɗi da kika fara bambance fuskoki. Marlène, kori yaran waje kafin ki karanta wannan.

An yi mini ƙarya, Octavie, kuma da hannuna aka yi aikin.

Ranar Laraba na kai gangunan otal. Wajen ƙarfe huɗu ne, lokacin da baƙinsu ke shan shayi a rumfar bakin ruwa. Tun daga ƙofar baya na jiyo kiɗan mazok, na tsaya cak, don na san hannun. Fidou ne, da irin ɗan jinkirin nan nasa kafin ya juya waƙa, wanda ke sa mata su ɗaga ƙafa su jira shi. Na ce ashe mutumin ya warke, ni ban da labari! Sai a tsakiyar waƙar na ji wani ya yi tari. Tarina ne. Kin tuna lokacin da mutanen rediyo suka zo daga Moris suka ɗauki kiɗansa a farfajiyar coci, ina fama da mura? Kaset ɗin ne, na shekara ashirin da suka wuce.

Na zagaya na leƙa. Sun ajiye shi a keken guragu, sun lulluɓe keken da zane mai furanni don kada a ga tayoyin. Sun kifa masa malafa, sun sa masa riga ja da rawaya irin wadda ko gawarsa ba za ta yarda da ita ba. Mamzel tana kan cinyarsa. Mataccen hannunsa na dama sun ɗaure shi a kan maɓallan da igiyar kamun kifi, yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Da na hagu yana ja, yana turawa, yana ja, yana turawa. Rediyon da kaset ɗin ke ciki tana ƙarƙashin zanen, wayarta ta bi ƙasa zuwa lasifika. Yawu yana zubowa ta gefen bakinsa yana ɗiga a kan ɗinkin da kika yi, ƙudaje suna bi, ba mai kore masa.

Wata mata da rana ta ƙona ta yi jawur kamar dafaffiyar ƙaguwa ta zo ta ɗosana a hannun keken, ta manna kumatunta da nasa, mijinta ya ɗauki hoto. Tana tashi ta zaro hankici ta goge fuskarta, ta shinshina shi, ta jefar. Wani mai tumbi ya gutsuro kek ya tura masa a baki kamar mai ciyar da biri, abokansa na dariya. Kek ɗin ya faɗo ya maƙale a cikin zugazugin.

Ana haka kaset ya ƙare. Désiré, wanda ya kamata ya juya shi, yana can da faranti yana raba shayi. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai hucin Mamzel, fuu, haa, fuu, haa, don ba wanda ya ce wa tsohon ya tsaya. Suka tafa masa a haka. Wani ma ya kwaikwayi hucin da bakinsa.

Nan Fidou ya ɗago ido ya gan ni. Bai daina ja ba. Ya dai zuba mini ido da wanda ke buɗewa sosai, yana ja, yana turawa.

Da na so in ce miki na kutsa na tsinke igiyar na kifar da teburansu. Ban yi ba. Juyawa na yi. Ina fita na yi kiciɓis da manajan, wani ɗan birni mai ƙamshin turare, ya kama hannuna yana girgizawa.

Ya ce, "Ton Anatole, kawunmu! An ce kai ka gyara mana ita. Aiki mai tsabta! Ka san baƙi suna son abin gargajiya, amma ba sa son kuskure."

Na zare hannuna, na je bayan tankin ruwa na amayar da duk abin da ke cikina. Sau uku na wanke hannun da sabulu da na isa gida, har yanzu ina jin turarensa.

Gobe zan je in sami Désiré. Ki yi mini addu'a kada in ɗaga masa hannu.

Naki,
Anatole

Mont Lubin,
24 ga Yuni.

Matata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na ji an sa ranar ido na biyu, Allah ya sa a yi a sa'a. A shafa mini kan jikokina.

Na je Citron Donis, ƙauyen su Fidou, na dawo da kunya fiye da wadda na tafi da ita.

Na tarar da Désiré a bayan gida yana wankin zanen gado a baho. Ban ko gaishe shi ba na fara. Na kira shi maƙaryaci, na kira shi ɗan da ya kai ubansa kasuwa, na ce da uwarsa tana raye da ta tsine wa nonon da ya sha. Ya bar ni na gama. Sannan ya matse zanen, ya ɗaga mini shi saitin hanci.

Ya ce, "Shinshina, Paren. Wannan na safe ne, akwai na rana yana zuwa. Wata takwas ke nan. Daga gidanka zuwa nan bas ɗaya ce. Sau nawa ka zo?"

Ya jefa zanen cikin bahon.

Ya ce, "Duk waɗanda suka kashe takalma a rawarsa, ina suke? Sati na farko gidan nan ba masaka tsinke. Na biyu sai Fada kaɗai. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu, ta ce wari ya hana su cin abinci. In na tafi aiki kulle shi nake da kwano da fo, in dawo in tarar ya faɗo. Manaja ya ce ko in daina makara, ko in riƙa zuwa da shi a sama masa abin yi. Kai da ka iya zagi, faɗa mini wanne zan ɗauka."

Octavie, ba aiki ne ya hana ni zuwa ba, kin sani, na sani. Tsoro ne. Ba na son ganin Fidou a kwance, sai na bar shi a kaina yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan benci yana kiɗa, na ci gaba da harkata. Ƙyamar da na kwaso daga otal ina neman wanda zan juye wa, ashe rabona a ciki ya fi na kowa.

Na shiga ɗakin. Ba zan kwatanta miki warin ba. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Maganarsa tana fita ta gefe guda, sai ka kasa kunne.

Ya ce, "Ka tsufa, kompèr, aminina."

Na ce, "Kai ma ba ka yi kyau ba."

Ya nuna Mamzel da haɓa, tana kan kujera. "Kai ka cire mata?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Hannunka na nan. Ko uhum ba ta ce ba."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na zauna a bakin gadon na rasa inda zan sa idona. Can ya jawo rigata da hannun hagu, ƙarfinsa ya ba ni mamaki.

Ya ce, "Harsunan suna ina?"

Na ce suna gwangwani a rumfata.

Ya ce, "Mayar. Kada yaron ya sani."

Na ce masa in na mayar, hannun nan da suke ɗaurewa zai danne maɓalli uku ko huɗu a lokaci guda, abin da zai fito ba kiɗa ba ne. Sai rabin bakinsa mai rai ya yi murmushi. Nan na gane ya riga ni lissafa wannan.

Na san abin da zai biyo baya, aikin Désiré ne zai tafi. Na juya maganar kwana biyu. Amma akodiyon tasa ce, fuskar da ake gogewa da hankici ma tasa ce. Na ce wa Désiré daga yanzu ranakun da ba a kai shi otal ni zan zauna da shi. Ya dube ni kamar bai yarda ba, ya miƙo mini mabuɗi. Jiya na tafi da gwangwanin da kaki da magagari a cikin jakar burodi. A kan gadonsa na yi aikin, yana kwance yana gyara mini, wai muryar harshe na uku ta yi ƙasa da rabin gashi. Kuma da gaskiyarsa, tsohon banza.

Kada ki yi mini faɗa sai kin dawo.

Mijinki,
Anatole

Mont Lubin,
12 ga Yuli.

Octavie, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da murna. Evariste ya tsaya a bakin hanya ya ƙwala mini cewa an yi aiki na biyu lafiya, kuma jirgin ƙarshen wata za ki biyo. Na gode wa Allah, na gode wa Marlène da maigidanta da suka riƙe ki.

Ga yadda aka ƙare.

Asabar ɗin da ta biyo na je otal na tsaya bayan wata bishiyar kwakwa. Baƙi sun fi na ranar nan yawa. Aka turo shi, aka gyara zanen, Désiré ya durƙusa ya ɗaure hannun, ya danna kaset. Fidou ya bar waƙar ta yi nisa bai motsa ba, har manajan ya fara yi masa alama da gira. Sai da aka zo daidai tarina, ya buɗe Mamzel iyakar tsawon hannunsa.

Kin taɓa jin an yanka alade uku a lokaci guda? To, ki haɗa da jaki. Wata ta saki kofi, wani yaro ya kurma ihu, karnukan ƙauyen suka amsa. Ya tura, ya sake ja, ya sake turawa, lasifika tana can tana ta zuba mazok mai daɗi ita kaɗai. Wani baƙo ya ɗaga zanen ya ga rediyo, ya ga igiyar, fuskarsa ta canza. Matan kicin suka fito da ludaya a hannu, Clémence mai dafa abinci ta zauna a ƙasa don dariya. Shi kuwa Fidou dariya yake har malafar ta faɗi, har ya jiƙa wandonsa, bai damu ba.

Kafin rana ta faɗi an sallami uba da ɗa.

Kada ki ɗauka duniya ta gyaru. Laraba na zagayowa masu otal ɗin suka kifa wa mai ban ruwan furanninsu malafar, suka ba shi wata akodiyon ta wasan yara da suka toshe da tsumma, suka sa kaset ɗin dai. Clémence ta ce tafin da aka yi masa ya fi na Fidou, don shi yana da haƙora. Manajan har aiko mini ya yi, wai in haɗa masa akodiyon bebaye guda biyu masu kyan fenti. Amsar da na ba ɗan aiken ba ta karantuwa a bakin Marlène.

Désiré ya daina gaishe ni. Yanzu da ruwan teku ya janye yake bin mata da mashi yana sukar urit a cikin duwatsu, suna yi masa tsiya suna kiransa 'yar'uwa. Ban ga laifinsa ba. Ni nake zuwa da bas ɗin farko in yi wa Fidou wanka, in juya shi, in zubar da fo. Kwanakin farko sai na toshe hanci da ganyen lemo. Yanzu na daina, don ya ce abin yana ba shi haushi.

Na juya Mamzel, na sake jera harsunanta yadda yatsun hagu za su same su, na ɗaure gefen maɓallan a ƙirjinsa. Saura mai jan zugazugi, shi ne ni. Kin san kowane maɓalli murya biyu gare shi, ɗaya in an ja, ɗaya in an tura, don haka dole mai ja ya san waƙar kamar mai dannawa. Na san su duka, amma kullum ina gaba ko ina baya. Ba sunan dabbar da bai kira ni da shi ba.

Jiya Lahadi bayan coci muka fito da shi ƙarƙashin mangwaro. Ban gayyaci kowa ba, amma mutum goma sha wani abu suka taru a bakin shinge, yawancinsu waɗanda ba su taɓa leƙo shi ba, kowa na sunkuyar da kai. Ba zan yi miki ƙarya ba, kiɗan bai yi daɗi ba. A hankali yake tafiya, yana tuntuɓe, kamar mai koyo. Tsohuwa Philomène ce kaɗai ta shigo ta ɗaga bakin siket tana takawa, tana jiransa duk inda ya tsaya.

A waƙa ta uku kafaɗata ta riƙe, hannuna ya ƙi ɗaguwa, Mamzel ta yi shiru a tsakiyar magana. Désiré yana bakin ƙofa, dawowarsa ke nan daga ruwa, wandonsa a jiƙe, tawadar urit har gwiwar hannu. Ya ajiye mashin. Ya ture ni da kafaɗa ya zura hannu a madaurin.

Octavie, yaron nan tun yana rarrafe ubansa ke make masa hannu in ya taɓa ta. Bai taɓa koya masa ko maɓalli ɗaya ba. Amma ya ja inda ake ja, ya tura inda ake turawa, har ɗan jinkirin nan kafin juyi ya bar masa wurinsa. Shekara talatin da biyar yana sauraro ta bayan ƙofa, ba wanda ya sani. Suka kai waƙar ƙarshe, ba wanda ya dubi wani a cikinsu.

Fidou ya daɗe yana haki. Sannan ya juyo da idonsa mai kyau wajena.

Ya ce, "Kompèr, an sallame ka. Wanka dai ka ci gaba da zuwa."

Désiré ya sunkuya ya goge wa ubansa baki da gefen rigarsa, ya ce, "Wacce kuma, Papa?"

Ni na koma gindin mangwaro na zauna kusa da Philomène, ina murza kafaɗa.

Ki taho mini da man zafi mai ƙarfi daga birni, da zanen gado ko huɗu ne, masu saurin bushewa. Zan tsaya a bakin tashar jirgi da farar rigata. Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki mai jiranki,
Anatole